An yi wa mai ɗakina aikin ƙari a bayan kunne, baki ya karkace, ido ba ya rufuwa

Baban Hanifa:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema, kuma don Allah duk wanda zai yi magana ya tausasa, abin ya yi mini nauyi. Ni malamin firamare ne a wani ƙauye cikin ƙasar Jahun. Kusan shekara biyu mai ɗakina tana kukan kunnenta na hagu. In an kira ta sai ta mayar da wayar kunnen dama, ga wata ƙara kamar kukan gyare ba dare ba rana. Mun ɗauka dauɗar kunne ce, babu maganin kemis da ba mu ɗiga ba. Sai da jiri ya kusa jefa ta rijiya tana jan guga sannan muka tashi tsaye. Aka tura mu Kano, aka yi hoton MRI, aka ce ƙari ne ya fito a kan jijiyar ji, can ciki dab da ƙwaƙwalwa, sunansa akustik niyuroma. Ba ciwon daji ba ne, amma ya wuce santimita 3, ya fara danne abin da ke kusa da shi. Na sayar da shanun huɗata da riɗin bana, dangi suka cika, aka yi aiki. Yau kwana 24.

Alhamdu lillahi an cire shi. To amma ta farka bakinta ya ja gefen dama, idon hagu ba ya rufuwa ko tana barci, in ta kurɓi koko sai ya zubo ta gefen baki. Kunnen hagu ya tafi gaba ɗaya. Tafiya sai ta dafa bango. Ta sa an fitar da madubi daga ɗakin, in ta ji sallamar baƙi sai ta juya ta fuskanci bango. Ranar da muka dawo 'yarmu Hanifa, shekararta 4, ta kalle ta ta fashe da kuka ta ɓuya bayan abokiyar zamanta. Wannan ya fi yankan likita yi mata ciwo. Jiya surukata ta zo, ta ce wannan marin aljani ne, za ta tafi da ita gida a kai ta wurin wani mai magani a yi mata hayaƙi da gashi. Ban san yadda zan ce wa uwar da ta haife ta a'a ba.

Alhaji Mai Awo:
Wa alaikumus salam. Allah ya ba ta lafiya, ya sa kaffara ne. Malam, ka bar uwa ta tafi da 'yarta. Jinya sai uwa. Asibiti sun yi nasu sun gama, kuma ka ga abin da ya fito. Mun ga masu karkacewar baki da yawa an yi musu na gida sun miƙe cikin sati uku.

Gwaggon Yara:
Allah sarki baiwar Allah. Ni dai abin da ya tsaya mini shi ne kukan yarinyar. Kada ku raba su, ku riƙa sa ta kai wa uwar ruwa, yaro da wuri yake sabawa.

Ɗan Kasuwar Wudil:
Ni fa gani nake likitocin ne suka yanke wata jijiya suka yi shiru. Mutum ya shiga da fuskarsa daidai ya fito a karkace? Malam ka koma ka tsare su.

Sista Maman Amir:
Baban Hanifa, sannu da ɗawainiya. Ni ma'aikaciyar jinya ce, na yi shekaru a ɗakin masu aikin kai. Bari in fara da abin da ba ya jira: idon. Baki zai iya ɗaukar watanni yana dawowa babu abin da zai lalace. Ido kuwa in ya kwana a buɗe, ga hunturu ya shigo, ga ƙurar sussuka da shiƙa ta cika gari, baƙin idon bushewa yake yi ya yi gyambo, kuma gyambon nan yana barin tabon da ba ya fita. Jijiyar da ke rufe fatar ido ita ce kuma ke sa hawaye, to duka biyun sun yi rauni lokaci guda. Maganin ɗigawa mai kama da hawaye da aka ba ku, a riƙa ɗigawa akai-akai da rana, ba sau biyu kawai ba. Da dare a matsa man ido, a jawo fatar da yatsa mai tsabta a rufe, a manne da filastar takarda. Kada a ɗora auduga a kan idon da yake buɗe, gogar sa za ta yi. Da rana ta sa tabarau mai faɗi ko a tsakar gida ne. Hayaƙi, ko na murhu ko na turare ko na mai magani, kada ya kusance ta. Kwalli, zuma, ruwan nono, ruwan ganye, babu wanda zai shiga idon nan. In ya yi ja, ko ta ce tana gani dishi-dishi, ranar nan ku nemi likitan ido.

Ɗan Kasuwar Wudil, ka yi haƙuri in yi maka bayani. Jijiyoyi 12 ne ke fitowa daga ƙwaƙwalwa ta kowane gefe. Ta 8 ita ce ta ji da daidaita tsayuwa, a kanta ƙarin yake fitowa. Ta 7 ita ce mai motsa fuska, kuma su biyun ta ɗan rami ɗaya suke bi a cikin ƙashin kunne, manne da juna. In ƙari ya girma sai ya shimfiɗe ta 7 a jikinsa, ta yi siriri kamar ɓawon albasa. Ko ba a yanke ta ba, ɓanɓare ta daga jikin ƙarin kaɗai ya isa ya sa ta daina aiki na wani lokaci. Abin da ya kamata Malam ya tambayi likitan shi ne: an bar jijiyar a haɗe, ko ta katse? Amsar nan ita za ta nuna hanyar da za a bi.

Alhaji, waɗanda ka gani sun miƙe a sati uku, galibi wata karkacewar ce daban, wadda ke zuwa haka kawai da kumburin jijiya, kuma yawancinsu da magani ko babu magani suna warkewa. Wannan kuwa aiki aka yi a cikin kai.

Baban Hanifa:
Na gode Sista. Likitan ya ce jijiyar tana nan a haɗe, ya rubuta 5 a takarda ya ce ma'aunin fuska ne. Gaskiya filastar mun daina sa wa tun sati ɗaya da ya wuce, ta ce tana damun ta. Yau za mu koma sa wa.

Sista Maman Amir:
Ma'aunin daga 1 zuwa 6 yake, 1 lafiya lau, 6 babu motsi ko kaɗan. Tunda a haɗe take akwai kyakkyawan fata. Amma jijiya a hankali take farfaɗowa, kamar milimita ɗaya a rana take tsirowa. Ku sa ran watanni, wani har shekara ko fiye.

Malam Na Tsangaya:
Baban Hanifa, kada ka yi jayayya da surukarka a kan aljani, ba za ka ci riba ba, kuma tsoro ne da ƙauna suka sa ta faɗi haka. Ka ɗauki babban yayan matarka ko limamin garinsu ku je tare. A ce mata addu'a muna so, a yi mata tofi, a karanta mata Fatiha da Falaƙi da Nasi safe da yamma, ita ma uwar ta zo ta zauna ta yi da bakinta, addu'ar uwa ba ta da shamaki. Abin da ba za a yi ba shi ne hayaƙi da zuba abu a ido ko kunne, domin likita ya hana. Neman magani wurin masaninsa ba ya cin karo da tawakkali. Sannan ka gaya wa mai ɗakinka ta yi sallarta a zaune, ta yi nuni da ruku'u da sujada gwargwadon iko, addini ya ba ta wannan sauƙin.

Alhaji Mai Awo:
Malam na ji, ban ƙi ba. Amma ku duba, mutumin nan aiki yake zuwa. Wa zai ɗiga mata magani kowane lokaci? Kishiya? Mu faɗa wa juna gaskiya.

Baban Hanifa:
Alhaji, a nan kam dole in yi wa abokiyar zamanta adalci. Tun da muka dawo ita ke girki duk kwanakin, ita ke raka ta bayan gida, ita ke dama mata kunu mai kauri don ya fi sauƙin haɗiya. Ta kwashe murhu ta mayar can bayan rumbu tun kafin kowa ya ce mata. Da dare a ɗakinta take shimfiɗa tabarma. Ban roƙe ta ba.

Gwaggon Yara:
Allah ya yi mata albarka. To kai ma ka riƙa faɗa mata haka a gaban mutane, kuma a samo wata daga dangi ta riƙa karɓar ta, kada ita ma ta faɗi. Mai jinya shi ma majinyaci ne.

Maman Walida:
Assalamu alaikum. Ƙanwata ce ta turo mini wannan ta ce in shigo in yi magana. Ni daga wani ƙauye nake a ƙasar Gaya, kuma irin aikin nan aka yi mini shekara biyar da suka wuce, ni a dama. Da na karanta maganar madubi sai da na ajiye wayar na yi kuka, domin ni fasa nawa na yi.

Malam, zan gaya maka abubuwan da babu wanda ya gaya mini. Wata uku na farko babu abin da ya motsa a fuskata. Kullum in tashi in taɓa kumatu in ji shi kamar tsumma. A wata na biyar ina wanke wa Walida kai sai na ji wani ɗan zillo a gefen hanci, kamar tururuwa tana tafiya. Daga nan gefen bakin ya fara ɗagawa kaɗan kaɗan. Yanzu in na yi shiru ba za ka gane ba, sai in na yi dariya sosai, kuma in ina cin abu mai yaji idon daman yana zubar da hawaye shi kaɗai. Likita ya ce jijiyar ce da ta tsiro wasu zaruruwan suka bi hanyar da ba tasu ba. Na saba, ina ajiye hankici.

Idona kuwa na yi sakaci da shi, irin wanda kuke shirin yi. Na ƙi filasta, na ci gaba da hura wuta. Sai da ya yi fari a tsakiya aka kai ni asibitin ido a Kano, aka ɗinke gefen fatar don ya rage buɗewa, bayan wata takwas aka kwance. Har yau da tabo, da idon nan ba na iya zura zare a allura. Don Allah ku ji maganar Sista.

Kunne kuma ba zai dawo ba, gara ta sani tun yanzu a daina yi mata alkawarin ƙarya. Abin da ya fi wahala ba rashin jin ba ne, rashin sanin inda sauti ya fito. A kira ni daga zaure in juya wajen turken awaki. A gidan biki in mata suka haɗa baki ba na tsintar komai, sai a ce na yi girman kai. Ku riƙa zama ta gefen kunnenta mai ji, ku bari ta ga bakinku, kada a yi mata ihu. In za ta tsallaka titi ta duba da ido sau biyu, kada ta dogara da jin ƙarar babur. In ta kwanta a kan kunnen mai ji ba za ta ji kiran asuba ba, ba za ta ji kukan yaro ba, to a san wanda zai tashe ta. Ƙarar nan ta cikin kunne ma tawa ba ta tafi ba, amma in na kunna rediyo ƙasa-ƙasa da dare ina samun barci.

Ka ce mata wata 'yar uwarta a Gaya tana gaishe ta. In ta yarda zan kira ta, in ma ta yarda in zo.

Baban Hanifa:
Maman Walida, na karanta mata saƙonki yanzun nan. Ta ce in sake karanta wurin tururuwar. Ta ce ki kira ta bayan isha'i, amma ban da bidiyo. Allah ya saka miki da alheri.

Sista, wata 'yar tambaya. Mura ta kama ta kwana uku ke nan, hanci ɗaya ne kawai ke zuba, na hagu, ruwa fari tas kamar na randa, musamman in ta sunkuya. Ta ce tana jin gishiri-gishiri a maƙogwaro. Wane maganin mura ne ba zai yi karo da magungunanta ba?

Sista Maman Amir:
Malam, kada ka sayi maganin mura. Ka nemi mota yanzu ku koma inda aka yi aikin, ku shiga ta ɓangaren gaggawa da takardunku. Ruwa fari ta hanci ɗaya, gefen da aka yi aiki, mai ƙaruwa in an sunkuya, mai ɗanɗanon gishiri, wannan zai iya zama ruwan da ƙwaƙwalwa ke ciki ne yake yoyo. Yana bi ta ƙashin kunne ya sauko ta wata 'yar hanya da ta haɗa kunne da bayan hanci. Inda ruwa ya samu hanyar fita, ƙwayar cuta za ta samu hanyar shiga, abin da ake tsoro shi ne sanƙarau. Kada ta face hanci, kada ta yi yunƙuri, kada ta ɗaga komai, kada ta shaƙa ruwa in tana alwala. A mota ta zauna kanta a sama. Akwai zazzaɓi? Wuyanta ya sanƙare? Haske yana damun ta?

Baban Hanifa:
Babu zazzaɓi, sai ciwon kai in ta tashi zaune. Magariba ta yi, ba za a bari sai da safe ba?

Sista Maman Amir:
A'a. Ku tafi yau.

Alhaji Mai Awo:
Malam ka turo mini lambarka ta akwatin sirri. Yarona yana Kiyawa da mota ya sauke kaya, zan sa ya biyo ya ɗauke ku. Kada ka yi maganar kuɗin mai.

Malam Na Tsangaya:
Allah ya kai ku lafiya. Za mu sa almajirai su yi mata addu'a bayan isha'i.

Gwaggon Yara:
Jama'a kwana huɗu shiru. Akwai wanda ya ji labarinsu?

Baban Hanifa:
Ku gafarce ni, caji da hankali duk ba su zauna ba. Abin da Sista ta faɗa shi ne. An kwantar da ita, an sa mata wani siririn bututu a gadon baya yana rage ruwan don wurin ya samu ya toshe, an ce in bai tsaya ba sai an koma an ɗinke. Jiya ya tsaya. Babu sanƙarau, alhamdu lillahi. Likitan ido ma ya duba, ya ce ƙasan baƙin idon ya fara bushewa amma bai yi gyambo ba, ya ƙara mana man dare. Surukata tana nan tare da mu, ita ke riƙe da kwalbar maganin ɗigawa, ta ɗaure ta a bakin zani, ba ta yarda kowa ya taɓa. Da ta ga bututun nan da ruwan da ke taruwa a jaka ba ta sake tayar da maganar mai magani ba, ni ma ban tayar ba. Alhaji, yaronka ya tsaya da mu har ƙarfe biyun dare. Ban da abin da zan ce sai Allah ya biya ka.

Alhaji Mai Awo:
Amin. Da an bi tawa da yanzu tana can ana mata hayaƙi da wannan yoyon a kai. Sista, na gode da ba ki yi shiru ba.

Ɗan Fisiyo:
Sannunku da ƙoƙari. Ni a sashen gashi da motsa jiki nake aiki, zan ƙara abu biyu don in an sallame ku, amma sai likitanta ya ba da izini tunda an samu yoyo. Na farko jirin. Kunnen ciki shi ke gaya wa ƙwaƙwalwa inda kai yake, yanzu na hagu ya daina aiko da saƙo, dole ƙwaƙwalwa ta koyi aiki da na dama da ido da tafin ƙafa. Ba ta koyo in mutum yana kwance. Tausayin da ke sa a ce "kwanta ki huta" kullum shi ke tsawaita jirin. Akwai atisayen da wasu likitoci biyu a Ingila, Cawthorne da Cooksey, suka tsara tun shekarun 1940, har yau ana amfani da shi: tana zaune ta kafa ido a kan babban yatsanta ta juya kai dama da hagu a hankali, sannan sama da ƙasa, daga baya ta tashi ta zauna, ta yi tafiya a tsakar gida wani na gefenta. Ɗan jiri lokacin atisaye ba laifi ba ne. Duhu da yashi mai zurfi su ne abokan gabarta, a sa mata fitila a hanyar bayan gida, a cire turmi da kujeru daga hanya. Rijiya, ɗaukar tulu a ka, da hawa babur a bar su tukuna.

Na biyu fuskar. Kada a gasa ta da ruwan zafi ko tsumma mai zafi, wani lokaci gefen ba ya jin zafi sosai sai a ƙone ta ba ta sani ba. Kada a ja bakin da ƙarfi, kada a sa ta tauna cingam wuni guda, kada a yarda da mai na'urar lantarki da ke yawo gari-gari. Shafa a hankali da yatsu ya isa yanzu. In motsi ya fara dawowa ku zo a koya mata ƙananan motsi a gaban madubi. Bayan cin abinci ta duba kuncin hagu, tuwo yana maƙalewa a nan ya ɓata haƙori.

Ɗan Kasuwar Wudil:
Na janye maganata ta farko. Amma tambaya: su Hanifa za su iya gadon wannan ciwon?

Sista Maman Amir:
Mafi yawan masu shi a kunne ɗaya ne, kuma wannan ba a gadonsa, ba a kuma ɗauka wurin wani. Akwai wani nau'i da ba shi da yawa wanda ke kama kunnuwa biyu, galibi tun ana matasa, shi ne ke bin jini. Abin da zan roƙi kowa a nan: kunne ɗaya ya rage ji, ko yana ƙara shi kaɗai wata da watanni, a je a auna ji wurin likitan kunne, kada a tsaya ɗige-ɗige. In an gano shi yana ƙarami wani ma ba a yanka shi, sa ido ake yi da hoto lokaci-lokaci, ko a ƙona shi da haske. Baban Hanifa, ku ma za a riƙa kiranku hoton MRI nan gaba don a tabbatar bai sake tsirowa ba, kada ku ga ta samu sauƙi ku ƙi zuwa.

Maman Walida:
Jiya na je. Na hau motar Gaya zuwa Kano da sassafe, na same su a ɗakin mata. Da na shiga ta ja mayafi ta rufe rabin fuska. Ban ce mata komai ba, na zauna ta gefen damanta, na buɗe kwanon dambun da na kawo na fara ci, idona ya fara zuba kamar yadda ya saba. Ta dube ni ta dube ni, sai ta saki mayafin. Mun yi hira har la'asar. Ta tambaye ni ko maigidana ya canza mini, ta tambaye ni yaushe na fara zuwa suna da biki, ta tambaye ni yadda nake shan ruwa a gaban mutane. Na nuna mata yadda ake tallafe gefen leɓe da yatsa a kurɓa kaɗan kaɗan. Innarta ma ta sa ni na nuna mata manna filasta sau uku har ta iya.

Malam, abu ɗaya ta roƙa wanda ta ji nauyin faɗa maka. Tana so a kawo mata Hanifa.

Baban Hanifa:
An ce in komai ya tafi daidai jibi za a sallame mu. Na kira gida, abokiyar zamanta za ta taho da Hanifa gobe a motar farko. Ta ce tun shekaranjiya take zaunar da yarinyar tana gaya mata cewa fuskar Umma ciwo take yi kamar yadda ƙafarta ta yi lokacin da ƙaya ta soke ta, kuma ita ce za ta riƙa miƙo tabarau kowace safiya. Maman Walida, ta ce in tambaye ki wace irin filasta kike saya, wadda muke da ita tana cin fatar ido.

Maman Walida:
Ta takarda, fara, mai faɗin yatsa biyu, ba mai ruwan ƙasa ta ɗaure ciwo ba. In za a cire a jiƙa ta da ruwan ɗumi tukuna. Akwai naɗi biyu a jakata, zan ba direban garinmu ya kawo muku asibitin gobe kafin azahar.